Takardar da Na Rubuta a Kan Kwatarkwashi

Sai da muka kwana goma sha ɗaya a Tamanraset kafin na gane Ilu dillali ya yi mana ƙarya mu biyu. Ni ya ce mini aikin asibitin dabbobi ne a birni, da ɗaki da fanka. Shi kuma mai gonar dawakin da ke can arewacin Aljeriya, ya ce masa ya samo masa cikakken likita daga Nijeriya. Ni kuwa Sanusi ɗan Bunguɗu, abin da na mallaka difloma ce, da shekara bakwai ina riƙe wa wani likitan dabbobi jaka a Gusau. Na iya aiki, ba na yi wa kaina ƙarya, amma ban kai inda Ilu ya kai ni ba. Ranar da direban da aka aiko ya kira ni Dakta, ya kamata in ce masa a'a. Sai na ji abin ya yi mini daɗi, na amsa sunan.

Daga Tamanraset zuwa Gardaya a bayan mota muka yi ta, ni da buhunan dabino da raguna shida. Kwana biyu ba wanda ya yi mini magana. A wani ƙauye da muka tsaya sallar azahar, wata tsohuwa ta dube ni, ta dubi rigar sanyin da na saya wurin 'yan gwanjo a Gusau, ta girgiza kai. Ta shiga gida ta fito da kwanon miya mai zafi da gurasa, ta tsaya a kaina har na cinye. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Bayan Gardaya hanya ta fara hawa, kuma ba ta daina ba. Rairayi ya ƙare, aka shiga wani fili mai faɗi, ba itace, ba gida, sai ciyawa gajera da iska. A nan na fara ganin abin da ban taɓa gani ba, wato gajimare ya sauko ƙasa yana tafiya tsakanin mutane. Mota ta shige cikinsa da hantsi, duniya ta ɓace. Da muka tsaya, sai ga wata katangar dutse, da mutane tsaitsaye cikin riguna masu hula na gashin raƙumi, kowa ya ja hular ta rufe masa fuska. Na yi sallama. Suka amsa daga cikin hulunan, ban ga bakin kowa ba. Wallahi a lokacin da akwai motar komawa, da na hau.

Ina tsaye haƙorana na haɗuwa, sai na ji murya daga wani barga tana cewa, "Matsa can, kai ƙaton banza, za ka taka ni." Hausa ce, kuma Hausar gida. Na bi muryar kamar wanda aka kira da suna. Na tarar da wani tsoho siriri yana share bayan wani baƙin ingarma, irin wanda in ya tsaya a bakin ƙofa haske ke yankewa.

"Baba, sannu da aiki."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗan ina na kai?"

"Bunguɗu."

"To. Ni mutumin Tsahe na. Ɗanjumma." Ya tuɓe rigarsa mai hula ya jefa mini. "Sa wagga, kar ka mace mamu nan."

Larabawan gonar suna da sunan da suke kiran dokin, amma Baba Ɗanjumma Kwatarkwashi yake ce masa, saboda baƙinsa da girmansa. Na ce ai dutsen Kwatarkwashi namu ne na ƙasar Bunguɗu, da izinin wa ya ara? Ya ce mutanen Tsafe suka fi kallonsa in za su Gusau, mu kwanciya kawai muke yi a gindinsa. Ranar na yi dariya ta farko tun da na bar gida.

Labarinsa a guntu-guntu na same shi, wajen shan shayi. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce ya fito da niyyar Makka ta ƙasa, hanya ta karkace da shi, ya ƙare a nan. Daga baya wani mutumin Bilbis da ya ratsa ya gaya masa cewa a Tsafe an daɗe da yi masa sadakar arba'in, an raba gonarsa, matarsa ta yi aure har ta yi jikoki.

"Ni mamaci na, Malam Sanusi," in ji shi. "Can kabari kaɗai ba a gina mani ba. Nan kuma ko takarda ba ni da ita. Abin da ya sa anka bar ni cikin katangar ga, Kwatarkwashi bai yarda kowa shi taɓa shi in ba ni ba. Tun shina duƙushi nika kwana da shi. Ran da ya fita ƙofar can, ni ma na fita."

Kwatarkwashi kuwa shi ne dalilin da aka ɗauko ni. A barbarar bara goɗiyoyi da dama da ya hau ba su ɗauka ba. Maigidan, wanda ke zaune a birni, ya aiko wa wakilinsa cewa kafin lokacin barbara ya zo a duba ingarmun gonar su biyar, a rubuta masa wanda zai iya haihuwa da wanda ba zai iya ba. A fara da tsohon.

Aikin na san shi kamar tafin hannuna. Baba ya riƙe linzami, na sa aka zaga da dokin na ga takunsa, don ingarman da ƙafarsa ta baya ke ciwo ba zai iya tashi kan goɗiya ba. Lafiya lau. Na duba haƙora da idanu. Na durƙusa na laluba marainansa ɗaya bayan ɗaya, na auna faɗinsu, na ji ba kumburi, ba ƙullutu, sun cika hannu. Na wanke masa gaba da ruwan ɗumi ba sabulu. Aka kawo goɗiyar da ke neman namiji, Kwatarkwashi ya yi wata haniniya da ta sa tantabaru suka tashi daga rufi. Da ya hau, na tare shi da bututun roba da ake cika wa ruwan ɗumi, mai kwalba a ƙarshensa, na karɓi maniyyin. Baba ya dube ni yana murmushi, irin na uban da ɗansa ya ci jarrabawa. Saura mataki ɗaya, a ɗiga a kan gilashi a duba da madubin likita.

Ɗakin madubin yana can ƙarshen gonar, tsohon ɗakin ajiye madara ne, dutse sama da ƙasa. Likitan da ya riga ni ya bar madubinsa lulluɓe da ƙyalle, da rigarsa a rataye a ƙusa, ba wanda ya taɓa gaya mini inda ya tafi. Na ratsa filin gonar da kwalbar a hannuna. Maigidana na Gusau yana da magana ɗaya da ya yi ta dukan kunnena da ita shekara bakwai: "Sanusi, rana ce ke kashe iri. Ka gudu inuwa, ka nemi wuri mai sanyi." Don haka na nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a ɗakin, dutsen bakin taga, na ajiye kwalbar, na tsaya goge gilasaina a tsanake.

Wanda bai taɓa leƙa madubin nan ba ba zai gane abin da na gani ba. Irin doki mai lafiya, in ka leƙa, kamar ka tone gidan tururuwa ne, ko'ina motsi. Wannan kuwa ga ƙwayoyin irin nan birjik, amma kowanne kwance, wasu sun naɗe wutsiya, ko ɗaya ba ya motsi. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashina da ke fita kamar hayaƙi.

Bayan awa ɗaya muka sake. Washegari muka sake. Duk ɗaya.

"Mi ka gani?" in ji Baba a bakin ƙofa.

"Baba, irin nasa matacce ne."

"Matacce? Bara waccan da hannuna na tarbi ɗiyansa bakwai."

"Bara waccan ba bana ba ce. Tsufa ya zo."

"Malam Sanusi, ka sake dubawa. Ko madubin na ba shi da lahiya."

A nan zuciyata ta ɗebe ni. Ina da wannan hali tun ina yaro, in an taɓa abin da nake taƙama da shi sai in manta da girman mutum. Na ce, "Baba, ni na yi karatun nan ko kai? Sau uku na duba." Ina sanye da rigarsa na faɗa masa haka. Ya juya ya tafi.

Na zauna na rubuta takarda da Turanci cewa wannan ingarma ba ya haihuwa kuma ba zai ƙara ba, na sa hannu, wakilin ya buga hatimi. Ban kwanta da wata damuwa mai yawa ba, in faɗi gaskiya. Na ɗauka na yi aikin da aka kawo ni yi.

Ranar kasuwa aka kawo mota don a kai shi a sayar. Mutum huɗu suka yi ta fama, Kwatarkwashi ya ƙi hawa, har ya fasa wa ɗaya leɓe. Ƙarshe wakilin ya kira Baba. Baba ya zo ya dafa wuyan dokin, ya yi masa magana a kunne, ya shige gaba, dokin ya bi shi cikin mota kamar ɗan akuya. Baba ya ɗaure shi da hannunsa ya sauko. Wakilin ya ce masa yana da zuwa ƙarshen wata ya nemi inda za shi.

Na biyun da na duba ɗan shekara biyar ne, ja, ƙosasshe. Irinsa matacce. Na uku ma haka. Da na huɗu ya fito matacce, sai gonar ta canza mini.

Na fara tarar da gishiri barbaɗe a bakin ƙofata da safe. In na doso, masu kula da dawaki sai su ja huluna su juya baya. Akwai wanda ya tuɓe rawaninsa ya rufe wa dokinsa ido har na wuce. Wurin cin abinci, in na zauna, sai in ga an bar mini tabarma ni kaɗai. Larabcin Islamiyya da nake da shi bai kai ya kama nasu ba, amma kalmar ido na ji ta, kuma na san mugun ido ake nufi. A Bunguɗu ma in shanu suka fara faɗuwa bayan baƙo ya ratsa garke, mun san sunan da ake kiransa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, ni kaina na fara yarda. Na kan tsaya in dubi hannuwana. Na yi musu tofi, na wanke su da ruwan rubutu da na yi wa kaina. Doki huɗu, duk lafiyayyu a ido, ina taɓa su sai mutuwa ta fito a gilashi.

Gajimaren nan kuma ya ƙi tashi. Da hantsi sai ka ga goɗiyoyin gonar sun jeru a bakin shinge, ba sa kiwo, duk sun fuskanci bargan Kwatarkwashi. Baba yana ciki, yana share wurin da ba kashi, yana zuba sha'ir a komi, yana cewa, "Matsa can, za ka taka ni." Wata safiya ina wucewa na ji ƙarar kofato a kan dutse daga ciki, sau biyu, a fili. Na leƙa. Baba ne kaɗai zaune a kan bokiti, hannuwansa a kan gwiwa. Komin da ya cika jiya babu ko ƙwaya. Ban tambaye shi ba, kuma ban sake bi ta wurin ba.

Duk da haka, kullum da asuba sai in tarar da kwanon kunun sha'ir a gefen gishirin, da zafinsa, an rufe da faifai. Mutum ɗaya ne a gonar nan ya san yadda ake dama kunu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kira Inna a waya ranar Juma'a. Ina jin injin niƙa na unguwarmu yana ruri a bayanta, da wata akuya, da mai tallan fura. Ta ce, "Sanusi, kana cin abinci?" Na ce ina ci. Ta ce an yi zafi a Bunguɗu har kaji na buɗe baki. Na tsaya riƙe da wayar ina hawaye, ina kewar zafin da na yi shekaru ina zagi.

Ranar da za a duba na biyar, maigidan ya zo da kansa, tare da wata likita mace daga birni, gajera, mai tabarau. Ni na karɓi maniyyin kamar kullum. Na juya zan ratsa fili, sai ta tare ni, ta karɓe kwalbar ta cusa cikin rigarta. Da muka shiga ɗakin ta tsaya, ta hura numfashi ta kalli hayaƙinsa. Ta taɓa dutsen bakin taga, ta taɓa gilasaina, ta dube ni. Ta ɗebi gilasai biyu ta sa a hammatarta, ta aika a kawo ruwan zafi a gora, ta ɗora su a kai. Sannan ta ɗiga, ta leƙa, ta matsa gefe ta yi mini nuni.

Na leƙa. Gilashin na tafasa da rai, suna ta iyo suna gogayya.

Ta yi mini magana da Larabcin littafi, a hankali, don in gane. "A ina ka koyi aiki?"

"Gusau, a Nijeriya."

"Akwai zafi can?"

"Sosai."

Ta gyaɗa kai. "Can gilashinka kullum da ɗuminsa, shi ya sa ba a koya maka ba. Nan sanyi ke kashe su kafin ka leƙa. Dawakin ba su da laifi."

Ba ta yi mini dariya ba, ba ta ɗaga murya ba. Kafin la'asar ta sake duba sauran ukun, duk lafiya. Maigidan ya tambayi labarin baƙin, wakilin ya ce yau kwana tara da sayarwa. Maigidan ya ɗaga kafaɗa ya ce dama ya tsufa. Ni kuma ya ce in tattara kayana. Da na juya, Baba na tsaye a bakin ƙofa. Ya fi ni jin harshensu, ya riga ni gane komai.

"Tashi mu tai," ya ce.

Washegari muka kama hanyar neman dokin. A garin kasuwa muka sami dillalin da ya sayar da shi, ya ce mahauta sun taya amma wani mai amalanke ya fi su, mutumin wani ƙauye can gaba. Da na ji ba a yanka shi ba, na yi hamdala a fili. Na fara tsara yadda za a yi: a dawo da shi, likitar nan ta duba shi da gilashi mai ɗumi, a yaga takardata, Baba ya koma bargansa. Na yi ta zuba, Baba na kallon hanya. Motar kayan lambu ta rage mana hanya, sauran muka taka da ƙafa cikin iska.

Da azahar muka isa. Gidan mai amalanken na bayan gari, da ɗan shinge na duwatsu. Kwatarkwashi na tsaye a ciki, kansa a ƙasa. Ga goɗiya ɗaure kusa da shi, ko kallonta bai yi ba. Baba ya kira sunansa. Kunne ɗaya ya motsa, shi ke nan.

Baba ya tsallaka shingen, na bi shi. Muka zagaya ta baya, muka duƙa tare. An fiɗiye shi. Wurin ya kumbura, yana ɗigar da ruwa, jini ya bushe a cinyoyinsa har zuwa kofato.

Mai amalanken ya fito, mutum mai fara'a, ya kawo mana shayi. Baba yana fassara mini abin da yake faɗa, da murya ɗaya, kamar mai karanta wasiƙar wani. Ya ce dokin ya yi ta faɗa, ya ƙi amalanke, har ya ciji ɗan'uwan mutumin. Da yake likita ya rubuta cewa abin ba shi da amfani, sai ya kira mai yi ya cire, yau kwana huɗu. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar don mu gani, ga hatimi, ga sa hannuna. Bai san ni ne likitan ba, Baba kuma bai gaya masa ba.

Baba ya miƙo mini ita. "Karanta mani. Ban taɓa jin abin da ka rubuta ba."

Na karanta masa da Hausa, kalma bayan kalma, har inda na ce ba zai ƙara haihuwa ba. Yanzu kam maganar ta zama gaskiya, kuma ba madubin da zai sake nuna cewa a da ƙarya ce.

Ya karɓi takardar ya mayar wa mai ita. Suka yi magana su biyu, na ji Baba na cewa ba ya son lada, wurin kwanciya kusa da dokin kawai yake so, shi zai sa shi ya ja amalanke in ya warke. Mutumin ya yi murna, ya ga ya tsinci bawa a sama. Sannan Baba ya juyo gare ni.

"Likita, duba mani ciwon ga. Wanga dai ido na ganinsa."

Na sa aka dafa ruwa. Kwana uku na yi ina wanke wurin safe da yamma, ina matse ruwan, ina ba shi allurar da ta rage a jakata. Dokin da mutum huɗu suka kasa, ya tsaya mini cak, ko wutsiya bai kaɗa ba. A rana ta huɗu kumburin ya fara sauka, ya ɗan taɓa sha'ir. Baba ya ce in tafi, akwai motar da ke gangarawa kudu.

Ya raka ni bakin shinge. Na tuɓe rigarsa zan ba shi, ya ce in riƙe, hanya da sanyi. Na durƙusa a gabansa, abin da na kwana uku ina juyawa a baki ya fito.

"Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, kuma wannan ne ya karya ni.

"Ni mi ka yi mani, Malam Sanusi? Ni an daɗe da gamawa da ni. Koma ka roƙe shi."

Na koma cikin shingen. Na tsaya a gaban Kwatarkwashi, ni ɗan Musulmi mai difloma, na cire hulata, na roƙe shi gafara da bakina, da Hausa, na faɗa masa abin da na yi tun daga dutsen bakin taga. Na jira. Direba na ta danna oda a kan hanya. Dokin bai ɗaga kai ba.